Salansar injin Baba

Garkarmu tana cikin kwarin Majiya, ba nisa da Galmi. Ba mu cikin masu shan ruwan madatsa, rijiya gare mu. Da Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana rijiyar da wani tsohon injin ban ruwa. Injin ya daɗe a kusurwar zaure, har kaji sun maida shi wurin kwana.

Bara, bayan girbi, ni da ƙanena muka ce mu tada shi mu dasa albasa. Ni aikina karantar da manya ne, ko sifana ban iya riƙewa daidai ba. Sai muka kai wa bakanike. Ya wanke kafireto, ya sa sabon fulogi, ya canza baƙin mai. Ja uku, inji ya tashi da ƙara kamar ana harbi. Ashe tsatsa ta cinye salansa, saura ɗan guntun ƙarfe. Bakanike ya ce a sake ta. Na ce, "Ƙara ce kawai, a daji wa za ta dama?" Na maida kuɗina aljihu, ina ganin na yi wayo.

Kun san halin irin wannan inji. In zurfin ruwa ya wuce wajen mita 7, ba ya iya tsotso shi. Da watan Maris ya kama, ruwa ya ja ƙasa. Muka yi yadda kowa ke yi. Muka gina rami gefen rijiya, ya fi tsawon mutum, muka saukar da injin ciki.

Wata safiya tiyo ya fara yoyo, ƙanena ya sauka ɗaurewa, inji na aiki. Ni ina can ina kora ruwa cikin fangali. Da na ga ya daɗe sai na leƙa. Na tarar da shi zaune, ya jingina da bango. Ya ce, "Yaya, kaina na sara, ƙafafuna sun mutu." Na yi kururuwa. Ni da maƙwabcinmu muka jawo shi da igiyar guga. Yana fitowa ya yi amai. A asibiti aka ce mana hayaƙi ne, kuma da mun ƙara jinkiri da sai wani labari.

Cikin hayaƙin fetur akwai wata iska mai guba, ana ce mata kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. A fili iska na kwashe ta, a rami sai ta taru. Ita salansa ba ta kashe wannan guba. Aikinta rage ƙara da ba hayaƙi hanya. Namu ba shi da hanya, cikin ramin yake zuba.

Na ɗauki injin zuwa Birnin Ƙwanni, wurin wani dattijo mai walda. Kwana biyu muka yi. Notuna biyu da ke riƙe salansa sun kafe, sai da ya jiƙa su da mai suka kwana. Ya ce gaggawa ke karya su, in sun karye aiki ya zama biyu. Ya kankare bakin injin har ya yi sumul, ya sa sabon gaskit, ya ɗaura salansar da muka samo a kasuwa. Sa'an nan ya ƙera bututun ƙarfe da zai fitar da hayaƙi sama da bakin rami.

Na nuna masa wani siririn bututu mai araha. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai za ka iya gudu kana numfashi ta tsinke?" Dole bututu ya fi bakin salansa faɗi, kuma kada lanƙwasa ta yi yawa, in ba haka ba inji ya shaƙe, ya yi zafi. Tiyon roba kuwa narkewa yake yi. Ya ce a kafa wa bututun turke ya ɗauki nauyinsa, don girgiza kada ta tsaga walda. Duk inda na ga baƙin toka a mahaɗa, nan ke yoyo.

Abin da ya fi yi mini daɗi ƙarami ne. Ya ƙara tsawon wayar makunni, ya ce a ɗaure ta sama, a riƙa kashe inji daga bakin rami. Ya kuma gargaɗe ni, ko da bututu, mai tada inji ya fito nan take, kuma in an kashe a dakata rami ya sha iska kafin a sauka.

Kuɗin da na kashe ya ninka wanda na ƙi biya da fari. Albasa dai ta yi, mun kai Galmi mun sayar. Yanzu in mun tashi aiki, ƙanena ke kifa gwangwanin tumatir bisa bakin bututun, don ƙasa da ruwan sama. Har yau in ya ga na nufi ramin sai ya ce, "Yaya, ka kashe tukuna?"