Mu Bakwai Da Ɗan Jagora: Daga Ribah Zuwa Sawun Andalus



A kudancin Sifaniya akwai wani irin yawon buɗe ido da ake shirya wa mutane kaɗan, goma ko sha biyu, tare da ɗan jagora. Ana yin kwanaki ana takawa da ƙafa a ƙauyukan Alpujarra da ke jikin duwatsun Sierra Nevada, ana bin magudanan ruwan da manoma ke amfani da su tun zamanin Musulmi. Daga nan a shiga mota a nufi tsofaffin birane. A Garnaɗa a kalli Alhambra, fadar sarakunan Banu Nasr. A Ƙurɗuba a shiga babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya soma ginawa a 785, wanda aka mayar coci bayan an ci birnin a 1236. A Ishbiliya a hau hasumiyar Giralda da aka kammala a 1198. Musulmi sun shiga ƙasar a 711 ƙarƙashin Ɗariƙu bin Ziyad, mulkinsu na ƙarshe kuma ya faɗi a watan Janairun 1492.

Ni malamin makaranta ne a Ribah, hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu a masarautar Zuru. Albashina bai kai na neman biza ba, balle na jirgi. Amma tun da na ji labarin wannan tsari nake juya shi a raina, domin sunayen biranen nan ba baƙi ba ne a kunnena. A zauren karatu na fara jin su, tun ban san akwai wata ƙasa Sifaniya ba. Da na kawo maganar a ɗan taron da muke yi na masu sha'awar rubutu, sai wani ya ce, to me zai hana mu yi namu daidai ruwa daidai tsaki? Muna da duwatsu da ƙauyuka a bayan gari, muna kuma da biranen da malaman Magrib suka taka da ƙafarsu. Nan muka ɗaura adashi na wata biyar. Mu bakwai muka cika alkawari, maza biyar da mata biyu, ɗaya tare da mijinta, ɗaya tare da yayanta. Muka tsara kwana takwas bayan an gama girbi: uku a ƙasarmu, biyu a Katsina, biyu a Kano, sauran a hanya.

Wanda ya ja mu a kwanakin farko wani dattijo ne Badakkare, tsohon maharbi, mai jin C'lela da Hausa kamar ruwa. Tun ranar farko ya kafa mana doka. Za a fita bayan asuba, a dawo kafin la'asar. Ba a ɗaukar hoton kowa sai an tambaye shi. Inda ya ce a tsaya, nan za a tsaya, ba gardama.

Na girma a wannan ƙasa, amma tafiya a bayan wanda ya san ta daban ce. Itacen da nake wucewa ina cewa itace, shi sai ya dafa ya ce wannan ƙirya ce, da ita ake turmi, ita maƙera ke so su yi gawayi. Waccan kaɗanya ce, ba a sare ta ko ana sharar gona. Ga marke, ga ɗinya, ga ɗorawar da iyaka ce tsakanin gonakin gidaje biyu tun kakanni. Kowane dutse da sunansa, kowace ƙorama da nata, wasu da Hausa, mafi yawa da C'lela, kuma kowane suna yana ɗauke da labari. Ya hau da mu wani tsauni ya nuna mana jerin duwatsun da suka rage na tsohuwar katanga, da ramukan niƙa a jikin fa, da fasassun tukwane a kan tsofaffin kaburbura. Ya ce a nan kakanninsa suka zauna lokacin da mahara ke farautar bayi, musamman zamanin Nagwamatse na Kwantagora, sai da ƙasa ta lafa aka sauko fili. Ya ba mu labarin golmo, yadda samari ke shekara da shekaru suna noma wa surukai kafin a ba su mata, da bikin Uhola na godiya bayan amfanin gona ya zo gida. Ya yi dariya ya ce samarin yanzu da waya suke golmo.

A rana ta biyu muka iso bakin wata ƙorama da ta kusa ƙafewa. Daga tsallake ana hango rufin kwano da rumbuna. Ɗaya daga cikinmu, matashi mai rubuta gajerun labarai, ya sa ƙafa zai sauka. Dattijon ya tare shi da sandarsa.

"Ɗana, nan ne iyakarmu."

"Baba, garinmu ne fa. Ga tsamiyar ƙofar gidanmu can."

"Na sani. Na san mahaifinka, na ci tuwo a gidan. Amma yau ba mu da iko da wancan gefen."

Shekara uku ke nan da mutanen ƙauyen suka watse saboda ɓarayin daji. Wasu suna Ribah, wasu Zuru, wasu sun nausa jihar Neja. Wanda ba ɗan yankin ba zai iya tuna watan Yunin 2021, lokacin da aka afka wa Koro da Kimpi da Gaya da Rafin Gora da wasu ƙauyukan Danko/Wasagu, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 88. Wannan ya shiga jaridu. Ƙauyukan da suka mutu a hankali, gida ɗaya yau, gida biyu gobe, ba su shiga ba. Muka tsaya a bakin ƙoramar, yaron yana nuna mana da yatsa: can masallaci, can gidan mai unguwa, can rijiyar da ba ta ƙafewa. Da safe mun ga kufan da ya haura shekara ɗari, kafin azahar muna kallon na shekara uku.

A daren nan gardama ta tashi. Ɗaya daga cikin matan ta ce ita kam jikinta ya mutu. Ta ce da wane ido za mu kama hanyar Katsina kallon hasumiya alhali maƙwabtanmu suna kwana a ajin makaranta? Da mun haɗa kuɗin adashin mun sayi masara mun raba, da ya fi. Ba wanda ya raina maganarta, domin gaskiya ce a cikinta. Wanda ya amsa mata shi ne mai ƙauyen. Ya ce, "Yaya, masarar za ta ƙare a sati biyu, kuma za mu nemo wata mu kai. Abin da nake tsoro shi ne ƙannena da aka haifa a Ribah ba su san sunan ƙoramar nan ba. In Baba ya rasu, wa zai faɗa musu?" Aka yi shiru. A ƙarshe muka yanke cewa za a rage kwana ɗaya a Kano, kuɗin masaukin a sayi hatsi, tafiya kuma ba a fasa ba. Ita ma ta zo, ko da yake har muka dawo ba ta janye ra'ayinta ba.

Muka bi ta Gusau da Funtuwa da rana tsaka, kowa da addu'a a baki. A Katsina wani malamin tarihi ne ya karɓe mu, ya kai mu Gobarau. Hasumiyar ƙasa ce, ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau da makarantar ilimin da ta bunƙasa a wurin. Muka hau matakalar ɗaya bayan ɗaya. A sama malamin ya tambaye mu me ya kawo mu, na ba shi labarin tafiyar Andalus da muke kwaikwayo. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai kun baro Andalus a gida. Wane littafi ake karantawa a garinku da azumi?" Na ce, Allah ya gafarta malam, Ashafa. Ya ce to mai Ashafa, Alƙali Iyad, mutumin Sabta ne, ya yi alƙalanci a Garnaɗa, ya rasu a Marrakish a 1149. Ishiriniyar da ake rerawa da Mauludi ta Alfazazi ce, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1230. Alfiyyar nahawu ta Ibn Malik ce, ɗan garin Jayyan. Tafsirin Ƙurɗubi sunansa ma ya faɗi garinsu. Muwaɗɗar da ke hannun malamanmu ruwayar Yahya bin Yahya Allaisi ce, malamin Ƙurɗuba. Ƙira'ar Warshu da rubutun allonmu kuma ta hanyar Magrib suka iso mu.

Duk littattafan nan na san su, wasu na zauna gaban malam na ɗauki darasinsu. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in ɗora su a kan taswira. Mai jagora ya yi mini wannan a minti goma.

A Kano muka hau Dala da sassafe, muka shiga Gidan Makama, muka ratsa kasuwar Kurmi, muka tsaya a marinar Ƙofar Mata. Wanda ya zaga da mu ya bi da mu ta unguwar Sharifai, inda ake danganta zuriyar wasu gidaje da Shehu Muhammad bin Abdulkarim Almagili, malamin Tilmisan da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kuma rubuta masa littafin nasiha kan sarauta. Ke nan a shekarun da Garnaɗa ke faɗuwa, Kano tana gina fada da kasuwa tana karɓar malamai. Ya ambaci Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, haifaffen Garnaɗa da ya tashi a Fas. A littafinsa da aka buga a Italiya a 1550 akwai bayanin Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Kafin shi akwai Abu Ishaƙ Assahili, mawaƙin Garnaɗa da ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjinsa na 1324 ya zauna a Tumbutu. Da muka zo wani sashe na badala, sai muka tarar an ci rabinsa da gini, sauran ya zama juji. Mai jagoran bai ce komai ba, mu ma haka.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin ƙauyukan Alpujarra. Bayan tawayen 1568 zuwa 1571 an kwashe mutanensu an watsa su cikin ƙasa, daga 1609 zuwa 1614 kuma aka kori sauran jikokin Musulmi daga Sifaniya baki ɗaya. Wasu mutane aka kawo suka zauna a gidajensu. Duk da haka magudanar ruwa har gobe da sunan Larabci ake kiranta, daga kalmar saƙiya, babban kogin da ya ratsa Ƙurɗuba da Ishbiliya kuma sunansa daga Wadil Kabir yake. Masu yawon buɗe ido suna iya bin sawun mutanen ne saboda an rubuta: malamansu sun bar littattafai, sunayen wurare sun shiga takardu. Ina fata da addu'ar mutanen ƙauyukanmu su koma gidajensu, kuma in Allah ya so za su koma. To amma in zaman ya yi tsawo, me za su tarar a rubuce? Sunayen duwatsun da Baba ya lissafa mana ba su cikin kowane littafi da na taɓa gani. A kansa suke, shi kuwa ya haura saba'in.

A nan nake son in yi magana da mu marubuta masu tasowa. Nakan karanta labaranmu, kuma sau da yawa jarumi yana Dubai ko Landan, a gidan da marubucin bai taɓa shiga irinsa ba. In labarin ya sauko ƙauye sai a ce "wani ƙauye", a sa bukka da rijiya da itace, shi ke nan. Ba laifi ba ne mutum ya yi mafarki. Amma rubutun tafiya tsohon gado ne a adabinmu. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Su sun je nesa sun kawo mana labari. Mu namu zamanin ya zo da wani nauyi, na rubuta abin da ke kusa kafin ya ɓace.

Ga abin da na koya game da shirya irin wannan tafiya, ko wani zai gwada. Kada ku wuce mutum takwas, domin taro mai yawa ba ya jin maganar ɗan jagora, kuma yana jawo ido. Ku nemi wanda ƙasar ta san shi, ku biya shi hakkinsa da mutunci, ku bi umarninsa ko da ranku bai so ba. Ku gaida mai gari kafin ku taka gonar kowa, ku tambayi halin hanya a ranar da za ku fita, ba jiya ba. Kowa ya riƙe littafi da biro, domin waya takan mutu. Da dare ku zauna kowa ya karanta abin da ya rubuta. Za ku sha mamakin yadda mutum bakwai suka bi hanya ɗaya suka ga abu bakwai. Matar da ta so a fasa tafiyar ita ta fi kowa cika shafuka, kuma duk a kan matan da muka tarar suna sussuka ne, waɗanda mu maza muka gaida muka wuce.

Mun dawo da sunayen wurare sittin da ɗoriya daga bakin Baba, kowanne da ma'anarsa da inda yake. Yaron nan ya zauna da iyayensa da maƙwabtansu na da, sun zana taswirar ƙauyensu gida-gida a bayan kwalin kalanda, yanzu yana rubuta labarin kowane gida. Bayan sallah muna da niyyar komawa wajen dattijon da na'urar ɗaukar murya, don a samu lafazin C'lela daidai.

Roƙona ga duk wanda ya karanta: a wannan makon ka samu tsoho ɗaya ko tsohuwa a garinku, ka tambayi sunan dutse ko ƙorama ko unguwa guda biyar da dalilin sunan, ka rubuta, ka kawo mana mu karanta. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.