Wa Ke Duba Mai Jinya?

 Yau zancen gidanmu zan kawo muku, ko da ya ke ba a son kai maganar gida kasuwa. Na lura abin da ke gidanmu yana gidajenku da yawa, sai na ga shirun ba shi da amfani.

Kakata ta wajen uba, wadda mu ke ce wa Iya, ta ba shekara 80 baya. Yau shekara huɗu ke nan da ta soma mantuwa. Da fari dariya mu ke yi. Ta kan ɓoye goro ƙarƙashin matashi, sa'an nan ta ce an sace. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta ci tuwo ta wanke hannu, ta ce rabonta da abinci tun shekaranjiya. Yanzu kuwa ta kan tashi da tsakad dare ta naɗe tabarma, wai za ta gida wurin babanta, mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba.

Mu kan ce gigin tsufa ne, mu bar maganar a nan. Likita ya gaya mana ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba kuwa kowane tsoho ke yinsa ba. Iri-iri ne, amma wanda ya fi yawa shi ne wanda wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906, har a ke kiran ciwon da sunansa. Ba a sami maganin da ke warkar da shi ba tukuna. Na faɗi wannan ne sabo da masu cewa tsohuwa ta yi gamo, ko su laƙa mata maita, a yi ta ɓarnar kuɗi wurin boka.

To, amma ba don Iya na ɗauki alƙalami ba. Don Innarmu ne.

'Ya'yan Iya shida ne, maza huɗu, mata biyu, duk suna raye. Amma surukarta, watau Innarmu, ita ke yi mata wanka, ita ke wanke zannuwan da ta ɓata, ita ke ba ta kunu a baki. Da dare a bakin ƙofar ɗakin ta ke shimfiɗa, don in Iya ta tashi fita ta yi tuntuɓe da ita. Abin da ya fi ciwo, in an yi baƙi sai Iya ta nuna ta ta ce, "Wannan matar ce ke kwashe mini kuɗi." Kun san kunyar surukuta. Sai Inna ta sunkuyar da kai, ba ta da bakin magana.

Dangi suna zuwa, ba na yi musu ƙarya. Ran Juma'a a zo da lemo da goro, a zauna rabin sa'a. Iya kuwa da ta ga baƙi sai ta warware, ta yi ta gaisuwa sumul, har su fita suna cewa ai jiki ya yi kyau. A ce wa Inna, "Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada." Amin, muna so. Amma ladan nan, me ya sa ba mai son a raba da shi?

Wata rana na komo daga makaranta na tarar tuwo ya kama, Inna na zaune gaban murhu tana hawaye. Ta ce, "Yau na ɗaga wa Iya murya. Ina zan sa kaina?" Na lissafa, kwana tara ba ta yi barcin sa'a uku a jere ba. Da muka kai ta asibiti aka auna, aka ce jininta ya hau. Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2021 masu irin ciwon Iya sun wuce miliyan 55, kashi 70 cikin ɗari na sa'o'in jinyarsu kuwa mata ke yi.

Da maza suka zauna shawara, kun san abin da suka yanke? Wai a fid da ƙanwata daga makaranta ta taya Inna. Yarinya 'yar shekara 13! Ni malama ce, na san irin yaran nan da ke gyangyaɗi a aji, in ka bincika ka tarar a ɗakin kaka suka kwana a tsaye. Ba ni da ikon tsayawa gaban baffannina, sai na bi ta wajen Goggo, 'yar Iya ta fari. Na ce, "Goggo, ayar da ke cikin Suratul Isra'i a kan iyayen da suka tsufa, da wa ta ke magana, da 'ya'ya ko da matan 'ya'ya?" Ta yi shiru, ta ce in bar mata.

Ga yadda aka shirya. Goggo na kwana wurin Iya ran Litinin da ran Alhamis. Baffanni suna haɗa kuɗin sabulu da na matar da ke zuwa wanki, ko da ya ke ɗayansu sai an aika masa sau uku. Babanmu kan fito da Iya inuwa bayan la'asar ya zauna da ita. Ni da ƙanwata namu Asabar, ta kuma ci gaba da karatunta. Mun rufe rijiya, mun ɗauke ashana da wuƙa, muna barin fitila a ɗakin. Mun kuma daina gardama da ita. In ta ce za ta gida, sai mu ce, "To Iya, bari gari ya waye," ta koma ta kwanta.

Ke da za ki dubiya gobe, in kin gaida tsohuwa, ki juya ki dubi idon mai jinyar. Kada ki ce in tana bukatar wani abu ta aiko, don ba za ta aiko ba. Tuɓe mayafi, ki ce ta shiga ɗaki ta kwanta, kina nan har azahar. Ku kuma 'yan makaranta, ɗebo ruwa da shara ba su fi ƙarfinku ba, amma kada ku yarda da ajiye littafi.

Ran Alhamis da ta wuce Inna ta je suna unguwarsu, fitarta ta farko cikin shekara uku ban da asibiti. Ta dawo da ƙunshi a hannu, ta leƙa ɗaki ta yi sallama. Iya ta dube ta ta ce, "Yarinya, 'yar gidan wa ce ke? Shigo ki zauna, kada matar nan ta gan ki." Inna ta yi dariya har ta dafa bango, ta shiga ta zauna.