"Acting", "Casual" da Sauran Kalmomin da Muke Tsufa a Cikinsu

Jiya na je ofishin sashenmu da fom ɗin da zan miƙa kafin a sa mini ranar kare kundina. Sakatariya ta ce shugaban sashe yana ciki, amma ba zai sa hannu ba. Na ce saboda me? Ta ce, "He is only acting." Wato muƙaddashi ne kawai. Jama'a, wannan bawan Allah tun ina zangon farko yake kan kujerar nan. Shekara biyu ke nan yana riƙo.

Na fito na zauna a gindin wata bishiya, raina a ɓace. Turanci nake karantawa a digiri na biyu a nan Kudu, kuma ɓangaren ma'anar kalmomi na fi so, don haka maimakon in yi ta tsaki sai na ciro biro na fara jera duk kalmomin Turanci irin wannan da suka taɓa rayuwata. Wallahi kafin la'asar na cika shafi.

Takardar da aka ɗauke ni karatu da ita, "provisional" aka rubuta a kanta. Ina bautar ƙasa na yi wa hukumar zaɓe aiki a matsayin "ad hoc". Malamin da ya fara duba aikina "visiting" ne, wa'adinsa ya ƙare ya tafi, aka haɗa ni da wani. Ni kaina idan malami ya yi tafiya ni nake shiga wa 'yan aji ɗaya, sunana "stand-in". Ko yajin aikin malaman jami'a na 2022 da sunan gargaɗi na mako huɗu ya fara a watan Fabrairu, sai Oktoba aka janye.

Da na ƙura wa shafin ido sai na ga kalmomin nan gida biyu ne, mu ne muke cakuɗa su.

Gida na farko lokaci yake nunawa: temporary, interim, provisional, acting, caretaker, ad hoc. "Interim" daga Latin take, ma'anarta "a tsakanin nan". "Ad hoc" kuma "domin wannan", wato aiki ɗaya, ana gamawa a watse. Kowace a cikinsu alkawari ce cewa na dindindin yana hanya. Wani lokacin ana cika alkawarin. Jami'ar Ibadan a 1948 ta fara ne a tsohon asibitin sojoji da ke Eleyele, zuwa 1952 ta koma mazauninta na dindindin. Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashin shugaban ƙasa a Fabrairun 2010, da 'Yar'aduwa ya rasu a watan Mayu kalmar ta fita daga gaban sunansa. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Shonekan kuwa, da aka kafa a Agustan 1993, ko wata uku ba ta cika ba Abacha ya kawar da ita ranar 17 ga Nuwamba. Ko da daɗi ko ba daɗi, dai akwai ranar ƙarewa.

Gida na biyu ba ruwansa da lokaci. Cewa yake wani zai iya maye gurbinka: substitute, stand-in, proxy, spare, replaceable, disposable. Na ƙarshen nan ai da shi ake kiran kofin roba da ake shan ruwa a yar.

Akwai kalma ɗaya da na rasa gidan da zan sa ta, ita ce ta hana ni barci: "casual".

Babana gadi ya yi a wata masana'anta a Legas. Da zai bar gida cewa ya yi shekara biyu zai yi, ya tara jari ya dawo. Shekara goma sha tara ya yi. Duk tsawon lokacin nan casual ne, a ɗan ɗakin kwano na bakin get yake kwana, bai taɓa sayen gado ba don ai "ba zama na zo yi ba". Ina yaro idan na ji an ce "wucin gadi" a rediyo, na ɗauka aikin Baba ake nufi. Ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

Ranar da ƙafarsa ta fara ba shi matsala aka sallame shi da safe, kafin azahar wani yana zaune a kan bencinsa. Babu kuɗin sallama, babu takarda. Sai da na girma na karanta cewa dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. An kira shi da kalmar gida na farko don kada ya tambayi haƙƙinsa, aka yi masa hukuncin gida na biyu ranar da aka gama da shi.

Ku dubi namu kalmomin mana. Riƙon ƙwarya amana ce, an ba ka ka riƙe kada ta fashe kafin mai ita ya dawo. Wakili mutum ne da aka yarda da bakinsa. Ko da muka ce a rashin uwa akan yi uwar ɗaki, ai ba mu raina uwar ɗakin ba. Ba wai ina cewa Bahaushe ba ya cutar ɗan aiki ba ne, yana yi sosai. Amma dai kalmar tana tuna maka cewa mutum ne a wurin.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne da na koma ɗakina na duba. Katifa a ƙasa. Kaya har yanzu a cikin jakar Ghana-mos-go. Gaisuwar Yarbanci kaɗai na iya, don ai shekara ɗaya da rabi zan yi in koma. Yarinyar da ke jirana a gida kullum amsa ɗaya take ji: bari in gama. Shekarata ashirin da takwas, kuma irin zaman Baba nake yi, sai dai ni da laburare.

Da daddare na kira shi na ba shi labarin muƙaddashin da ya ƙi sa hannu. Ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka tambaye su rana. Duk wanda ya ce maka na ɗan lokaci ne, ka ce zuwa yaushe. Ni ban taɓa tambaya ba."

Yau da safe na sayi tebur da kujera a wurin wani ɗalibi da ya gama. Ranar Litinin in sha Allahu zan koma ofis da wasiƙa a rubuce, in nemi a faɗa mini wanda ke da ikon sa hannu da kuma ranar da zai sa. Ita ma mai jirana, na ce su Kawu su je a tsayar da magana kafin azumi.

'Yan uwana ɗalibai, musamman mu da muke karatu nesa da gida, wace kalma ce a kan takardarku? Kun tambayi zuwa yaushe?

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya sa mu gama lafiya.