Singafo: Hukumar da ke iya hana jirgi tashi

Duk wanda ya ratsa filin jirgin saman Changi na Singafo, labarin ruwan nan yake dawowa da shi gida, wanda ke kwarara daga rufin gilashi, tsawon mita 40, a tsakiyar ginin Jewel. Ni ma na tsaya na saki baki kamar baƙauye, har da ɗaukar hoto. Sai dai abin da ya zauna mini a rai, ta taga na hango shi, ina jiran jirgin komawa.

Wani ma'aikaci ne sanye da riga mai ƙyalli yake zagaya jirginmu, da tocila a hannu, ga rana tsaka. Ya durƙusa ya leƙa tayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya haska cikin injin, ya tsaya jim a ƙarƙashin fiffike kamar mai neman allura. Irin wannan injiniya ba ya sa hannu cewa jirgi ya cancanci tashi sai da lasisin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, CAAS, kuma wadda ta bayar tana iya ƙwacewa. Haka matuƙi, haka kamfanin da ya ɗauke su aiki.

A da, hukumar ce ke gudanar da filin jirgin da kanta. A 2009 aka raba gari: kasuwancin fili ya koma hannun kamfanin Changi Airport Group, ita kuma ta riƙe sa ido. Sun gane ba a ba kura ajiyar nama.

An ga amfanin haƙoran hukumar a Maris na 2019. Ranar 10 ga wata, jirgin Ethiopian Airlines ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗi minti shida bayan tashinsa daga Addis Ababa, mutum 157 suka rasu, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan Najeriya. Ko wata biyar ba a cika ba da faɗuwar irinsa a Indunusiya. Ranar 12 ga wata CAAS ta ce kada wani MAX ya sauka ko ya tashi a Singafo, alhali hukumar Amurka, FAA, wadda ta tantance jirgin tun farko, ba ta motsa ba sai washegari.

Abin burgewar, wuƙar a gida ta fara yanka. SilkAir, reshen Singapore Airlines a lokacin, yana da irin jirgin guda shida, sababbi fil. Ƙarshenta can Alice Springs aka kai su, cikin hamadar Ostireliya, suka yi ta zaman jira. Amurka ta sake buɗe wa MAX hanya a Nuwamban 2020, Singafo kuwa ta ja ƙafa har Satumban 2021, sai da ta gama nata binciken.

Da aka kira mu, na sake leƙawa ta taga. Mai tocilar ya riga ya koma gindin jirgi na gaba.