Zamanin da Dandali ke Naɗa Sarkin Waƙa

Kafin waƙa ta koma abin da ake latsawa a waya, an yi zamanin da mawaƙi ba ya yin suna sai ya tsaya da ƙafafunsa a gaban jama'a, an miƙa masa makirfo, ya nuna abin da ya iya. Hip-hop da dancehall da jungle duk 'ya'yan wannan zamani ne. Ɗaya a New York ya tashi, ɗaya a Kingston, ɗaya a Landan, amma tushensu guda ne, kuma a dukkansu ɗan koyo da gwani a fili ɗaya suke kwana, kiɗa ɗaya suke hawa, alƙalinsu kuma ɗaya ne, wato masu rawa.

Daga Kingston, babban birnin Jamaika, labarin ya faro, a shekarun 1950. Talakan birnin ba shi da kuɗin shiga otal inda makaɗa ke wasa, da yawa ma ba su da garmaho a gida. Sai wasu masu dabara, irin su Duke Reid, wanda tsohon ɗan sanda ne, da Coxsone Dodd, suka riƙa loda manya-manyan lasifikoki a mota, su kafa su a fili, su saka fayafayan da suka samo daga Amurka. Gasa ta yi zafi har mai kaya kan kankare sunan da ke jikin faifai don kada abokin hamayya ya gane waƙar ya je ya nemo ta. Kowace ƙungiyar masu lasifika tana da mai zaɓen faifai, da mai magana a makirfo yana zuga jama'a, da yaran da ke ɗaukar akwatunan lasifika suna jan waya. Mawaƙa da dama daga ɗaukar akwati suka fara, suna jiran daren da maigida zai ce, zo ka gwada.

Da Jamaika ta fara buga nata fayafayan, sai aka shigo da wata al'ada: a bayan faifai a saka kiɗan zalla, babu muryar mawaƙi. Wannan ya buɗe ƙofa ga duk mai baki. U-Roy, wanda ke riƙe makirfo a ƙungiyar King Tubby, ya nuna cewa magana a kan kiɗa ita ma waƙa ce, domin a 1970 waƙoƙinsa uku ne suka riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a ƙasar. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 salon ya tsaya da ƙafarsa, shi ne dancehall. Yellowman, zabiya da ya girma a gidan marayu cikin tsangwama, ta wannan ƙofa ya shigo har ya zama sarkin fagen.

A 1985 aka ga iyakar abin da ɗan koyo zai iya. Wasu samari biyu, Wayne Smith da Noel Davey, suna wasa da wata 'yar ƙaramar fiyano mai batir ƙirar Casio MT-40, sai suka ci karo da wani kiɗa da kamfanin ya dasa a cikinta. Suka kai wa King Jammy a sitidiyonsa da ke unguwar Waterhouse, ya rage masa gudu, ya gyara shi, Wayne Smith ya hau. Da aka sake shi a wata karawa da ƙungiyar Black Scorpio, jama'a suka yi ta neman a maimaita. Kiɗan Sleng Teng ke nan, wanda daga baya aka yi ɗaruruwan waƙoƙi a kansa. Furodusa zai buga kiɗa guda, tauraro ya hau, yaron da tun safe yake tsaye a bakin ƙofar sitidiyo shi ma ya hau, a fitar da su tare. Babu inda mai suna zai ɓuya, domin idan yaron ya fi shi, kowa zai ji da kunnensa.

Wani yaro haifaffen Kingston mai suna Clive Campbell, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ya tsallaka da wannan tarbiyya zuwa unguwar Bronx a New York a 1967. Ran 11 ga Agusta 1973 ƙanwarsa Cindy ta shirya biki a ɗakin taron gidan hayarsu mai lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Mata suka biya santi 25, maza santi 50. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a ɗan gurbin da muryoyi ke yin shiru, ganguna su rage su kaɗai. Sai ya nemi faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa, da gurbin ya ƙare a wannan sai ya tayar da shi a wancan. Abin da bai wuce daƙiƙoƙi ba ya koma mintuna. A kan wannan gurbi masu gambara suka fara jera baitoci, masu rawa kuma suka fara juyi a ƙasa.

Shekara shida hip-hop ya yi ba tare da wani faifai da ya yi fice ba. A filayen wasa ake yin sa, wani lokaci da wutar da aka jawo daga fitilar titi. Kaset ne jaridarsa: wani ya naɗi bikin daren jiya, a kwafa, a sake kwafa, har sautin ya dushe, amma sunan wanda ya yi bajinta ya riga ya zaga gari. Sai a 1979 Rapper's Delight ta ƙungiyar Sugarhill Gang ta fita kasuwa, a 1982 kuma The Message ta Grandmaster Flash da Furious Five ta nuna cewa gambara za ta iya ɗaukar kukan talaka.

Na ukunsu, jungle, a Landan aka haife shi a farkon shekarun 1990, a hannun 'ya'ya da jikokin mutanen Karibiyan da suka fara kwararowa Birtaniya tun 1948, tare da abokansu fararen fata da suka tashi unguwa ɗaya. Daga Jamaika suka ɗauko ƙugin da ke girgiza ƙirji da mai zuga a makirfo, daga hip-hop suka ɗauko gurbin ganguna, suka ƙara masa gudu har bugu 160 a minti. A ɗakin kwana ake haɗa yawancin waƙoƙin, da kwamfuta ƙirar Amiga ko na'urar Akai. Gidajen rediyon hukuma ba su kula su ba, sai suka kafa nasu na bayan fage. Kool FM ta fara a 1991 a yankin Hackney, da eriya a ƙolin dogayen gidajen haya. Jami'ai su zo su kwashe kaya, kafin wani lokaci tasha ta dawo.

A lokacin akwai wani shago a arewacin Landan mai suna Music House inda ake yanka faifan gwaji, wanda ba ya jure sakawa da yawa kafin ya lalace. A nan manyan DJ da yaran da ba a san su ba ke bin layi ɗaya na awoyi, kowa riƙe da kaset ɗinsa. Babba zai ji wani kiɗa na fitowa daga ɗakin yanka, ya tambaya na wane ne, yaro ya ɗaga hannu. A daren nan waƙarsa za ta iya tashi a gaban dubban mutane, idan ta yi daɗi su yi ta ihu sai an mayar da ita farko. Shy FX bai cika shekara ashirin ba lokacin da waƙarsa Original Nuttah ta fito a 1994. Goldie ya fitar da Timeless a 1995, a 1997 kuma Roni Size da ƙungiyarsa daga Bristol suka lashe kyautar Mercury.

Sai dai zamanin yana da nasa ɗacin. Gurbin gangar da jungle ya fi dogara a kai, na kimanin daƙiƙa shida, an ciro shi ne daga wani faifan ƙungiyar The Winstons na 1969. Dubban waƙoƙi sun ci moriyarsa, amma makaɗin da ya buga shi, Gregory Coleman, ya rasu a 2006 ba shi da matsuguni, bai ga ko sisi ba. Baitocin Grandmaster Caz sun shiga Rapper's Delight ba tare da an rubuta sunansa ba. Sister Nancy ta yi Bam Bam a 1982, ta share fiye da shekara talatin kafin ta fara karɓar haƙƙinta. Ga kuma batsa da kirarin bindiga da suka ɓata wa waƙoƙi da yawa suna, da rigingimun da suka sha tarwatsa bukukuwa. Ƙofa a buɗe take ga kowa, amma wanda bai san takarda ba, shi aka fi ci da gumi.

Iskar ta iso gare mu ma. A Ajegunle ta Legas dancehall ya haifi galala ta su Daddy Showkey. A unguwar Nima ta Accra ƙungiyar VIP ta riƙa sirka Hausa cikin waƙoƙinta. A Yamai, Lakal Kaney da Kaidan Gaskiya da Wass Wong sun yi gambara da Hausa da Zabarmanci da Faransanci. A Kano kuwa waƙoƙin su Ziriums da Billy-O daga waya zuwa waya suka yaɗu, ta Bluetooth da rumfunan masu turi, kamar dai yadda kaset ya yi a Bronx.

Yau yaro na iya haɗa waƙa a wayarsa ya watsa ta duniya kafin gari ya waye, kuma wannan ci gaba ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne filin da babba zai tsaya ya saurari ƙarami, da taron da zai gaya wa mawaƙi gaskiya a take. Don haka kirana ga waɗanda Allah ya ɗaukaka a wannan sana'a shi ne su riƙa miƙa makirfo ga na baya, su hau kiɗa ɗaya da su, su kuma rubuta sunan duk wanda ya sa hannu a aiki. Ku kuma masu tasowa, ku fita ku gwada kanku a gaban jama'a, ku tsabtace harshenku, kuma kada ku bar sitidiyo ba tare da yarjejeniya a rubuce ba.