GUDU DA ƘARANCIN JINI: ABIN DA YA SAME NI

Tun ina aji ɗaya aka san ni da gudu a makarantar nan. Ba na iya gajeren tsere, amma idan aka ce mita 1,500 ne, to sai dai a bi bayana. Bara, da gasar gidaje ta matso, na ƙudura a raina ba wadda za ta karɓe wa gidanmu kofi. Saboda haka na ninka atisaye. Da an sallame sallar asuba sai in zagaya fili sau goma, bayan la'asar kuma in koma tare da malamar wasanni.

Wata biyu ina haka, sai na ga abu yana juyewa. Maimakon in ƙara ƙarfi, sai raguwa nake yi. In na hau matakala uku zuciyata ta dinga bugawa kamar ana daka. Barci yake kwashe ni a aji, ga jiri in na miƙe da sauri. Ƙawayena suka ce lalaci ne ya kama ni, ni kuwa na ɗauka atisayen ne bai isa ba, sai na ƙara. Ranar gasa, a zagaye na uku idona ya rufe, ban farka ba sai a ɗakin shan magani, nas tana yi mini fifita.

Washegari aka kai ni babban asibiti aka ɗibi jinina. An duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, babu. Likita ta ja fatar idona ta ƙasa, ta ce, "'Yata, dubi yadda ya yi fari. Ƙarancin jini gare ki, kuma rashin sinadarin ƙarfe ne ya kawo shi." Ta ce awon himoglobin na mace mai shekaruna bai kamata ya gaza 12 ba, nawa kuwa 10 ma bai cika ba. Na ce, "Likita, ai ina cin abinci, har ƙari nake yi." Ta yi murmushi ta ce ci daban, abin da hanji ya tsotsa daban. Bayanin da ta yi mini, da wanda malamin ilmin halittu ya ƙara mini daga baya, shi nake so in gaya muku.

Duk sinadarin ƙarfen da ke jikin babban mutum bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, kuma mafi yawansa yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Shi ne ke riƙe iskar oksijin daga huhu ya kai ta ga tsoka. Mai dogon gudu yana asararsa ta hanyoyi da yawa: kaɗan yana fita a gumi, kaɗan ta hanji, kuma dukan ƙasa da tafin ƙafa ke yi yana fasa wasu ƙwayoyin jinin. Mu mata ga na al'ada kowane wata, ga shi muna cikin girma. Abin da hanji ke tsotsa a yini kuwa miligiram 1 zuwa 2 ne kawai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin hefsidin. Wani sinadari ne da hanta ke yi, masana ba su gano shi ba sai wajen shekarar 2000. Aikinsa kamar na maigadi ne: idan ya yi yawa a jini sai ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji ya shiga jini. Jiki yana yin haka idan cuta ta shige shi, don ya hana ƙwayoyin cuta samun ƙarfen da suke bukata. To, idan mutum ya yi gudu mai tsawo, tsokarsa takan saki wani sinadari irin wanda ake gani lokacin ciwo, hanta kuwa da ta ji shi sai ta ƙara hefsidin. Yawansa yakan kai ƙololuwa tsakanin awa 3 zuwa 6 bayan an gama gudu.

Da na ji haka sai na zauna na yi lissafi. Ina gama gudu ƙarfe shida da rabi, karin kumallo sai wajen goma saura, watau daidai lokacin da maigadi ya ja ƙofa. Kuma me nake sha? Baƙin shayi kofi biyu, alhali shayi yana ɗaure ƙarfen da ke cikin abinci ya hana shi shiga jiki. Da yamma ma haka, ina gama atisaye, ba a cin tuwo sai bayan magariba. Nama kuwa kun san girman yankan da muke samu. Ashe ina ɗiban ruwa da kwando ne ban sani ba.

Da labari ya kai gida, Inna ta ce na bar gudu ke nan, ai dama ta faɗa gudu yana shan jinin 'ya mace. Na yi kuka ƙwarai. Baba ne ya je ya ga likitar da kansa. Ta ce masa gudu ba cuta ba ne, tsarin ne da gyara. Ta rubuta mini ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, ta ce in sha da sassafe, don a lokacin hefsidin bai taru ba, in haɗa da lemo ko goba, saboda bitamin C yana taimakon hanji. Shayi kuwa in jinkirta shi da awa guda ko biyu. Idan na koma gudu, in ci abu cikin rabin awa da gamawa, kafin ƙofa ta rufu. Ta ce ƙarfen hanta da nama da kifi ya fi saurin shiga jiki, amma wake da zogale da alayyahu ma suna da amfani idan an haɗa su da tumatir ko lemon tsami.

Na huta mako shida, sannan na koma a hankali, sau ɗaya a yini. Ranar ziyara Inna da kanta take kawo mini soyayyar hanta da kwaɗon zogale. Bana na shiga tseren, na zo ta uku. Ban ci kofi ba, amma na ƙare da ƙafafuna, kuma Inna tana cikin masu tafi.

'Yan'uwana masu gudu da ƙwallo, idan kun ga gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, ku je a auna jininku. Kada kowa ya sayi ƙwayar ƙarfe a kemis don ya ji labarina, domin yawanta ma yana cutarwa, musamman ga masu sikila da ake yi wa ƙarin jini. Iyayenmu kuma ina roƙonku kada ku hana 'ya'yanku wasa don tsoro, ku dai duba abin da suke ci da lokacin da suke cinsa. Ina kuma roƙon hukumar makaranta ta duba ko 'yan wasa za su riƙa samun ɗan abin sawa a baki da zarar sun dawo daga fili. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.