Wasiƙa daga Madison: matan da ke riƙe wa 'yan takara agogo



 Kwana biyu kun ji ni shiru a wannan shafi. Ba komai ba ne illa babi na uku na kundin digirina da ya riƙe mini wuya, amma alhamdu lillahi na miƙa shi, yanzu sai jiran abin da malamina zai ce. Sanyi ya fara leƙowa, ganyen bishiyoyin bakin tafkin Mendota duk sun yi ja sun fara zuba, mu kuma mun fiddo manyan riguna daga akwati.

Yau labarin wasu mata zan ba ku. Na daɗe ina son in rubuta shi, musamman saboda Gwaggo, amma zan zo kan wannan a gaba.

A benen da nake haya akwai wata dattijuwa a ƙasa da ni, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, ta haura saba'in. Ita ce ta fara ja na zuwa taron ƙungiyarsu, League of Women Voters, wato ƙungiyar mata masu jefa ƙuri'a, reshen gundumar Dane inda Madison take. Ƙungiyar tsohuwa ce ƙwarai. An kafa ta a Shikago ranar 14 ga Fabrairun 1920, wata shida kafin gyara na 19 na kundin tsarin mulkin Amurka ya tabbata, wanda ya hana a hana mutum zaɓe don kawai mace ce. Wadda ta kafa ta, Carrie Chapman Catt, a nan jihar Wisconsin aka haife ta, a wani ɗan gari da ake kira Ripon. Mutanen jihar kuma ba sa gajiya da gaya maka cewa su ne farkon waɗanda suka kai takardar amincewarsu da wannan gyara Washington a watan Yunin 1919. In ka zauna da maƙwabciyata minti goma sai ka ji wannan labari, ko da kuwa gishiri ka je ara.

Tunanin da aka kafa ta a kai shi ne: to, an ba mata ƙuri'a, sai kuma me? Miliyoyin mata ne da ba su taɓa shiga rumfar zaɓe ba, wa zai nuna musu yadda ake yi, wa zai gaya musu waye wane? Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ƙungiyar siyasa ce amma ba ta da ɗan takara. Ba ta goyon bayan kowace jam'iyya, ba ta cewa ku zaɓi wane. Tana ɗaukar matsaya a kan doka ko manufa, ta je kotu in ta kama, amma mutum dai ba ta ɗaga hannunsa. Na tambayi maƙwabciyata, to wa ke ba ku kuɗin mota in kun zo taro? Ta daɗe tana kallona kafin ta gane tambayar. Su ne ke biyan kuɗin ƙungiya duk shekara daga aljihunsu.

Aikinsu da aka fi sani a garin nan wata 'yar mujalla ce da suke fitarwa kafin zaɓe, sunanta Candidates' Answers, wato amsoshin 'yan takara. Sukan aika wa duk wanda ke neman kujera tambayoyi iri ɗaya, su ƙayyade masa tsawon amsa, sannan su buga abin da ya rubuta yadda ya rubuta shi, ba gyara. Wanda ya ƙi amsawa kuma sai a rubuta a ƙarƙashin sunansa cewa bai amsa ba. Shi ke nan, ba zagi ba habaici. Amma ku yi tunanin mutum ya ga sunansa da fili fetal a ƙasa, abokin hamayyarsa kuma ya cika nasa gurbin.

Wanda ya fi burge ni shi ne zaman da ake yi da 'yan takara ido da ido. Na halarci ɗaya gab da zaɓen watan Afrilun 2025. A nan jihar, ranar Talatar farko ta Afrilu ake zaɓen kujerun da ba na jam'iyya ba: kansiloli, alƙalai, da 'yan hukumar makarantun gari. E, alƙali ma zaɓensa ake yi. Ɗakin taro ne ɗan madaidaici, kujerun roba, shayi da biskit a kan tebur ɗaya a baya, ba kiɗa, ba maroƙi, ba wanda ya zo da 'yan rakiya. Kowa aka ba shi 'yar takarda ya rubuta tambayarsa, wasu mata biyu suka tattara suka tace, suka cire masu cin mutunci da waɗanda suka maimaita juna. A layin gaba kuma wata tsohuwa ce zaune da agogo a hannu da kwalaye guda biyu. In lokacin mai magana ya kusa ƙarewa sai ta ɗaga na farko, in ya ƙare ta ɗaga na biyu. Wallahi na ga wani ƙaton mutum mai kwat da wuyan riga ya yanke maganarsa a tsakiyar jimla don wannan tsohuwa ta ɗaga kwali. Bai ko yi gunaguni ba, ya koma ya zauna. Ni kuwa dariya ta kusa kufce mini, don na tuna yadda ake jiran manya awa huɗu a rana, in sun iso kuma ba mai iya cewa ranka ya daɗe lokaci ya yi.

Tambayoyin ma ba na duniya ba ne. Kuɗin haya da ya yi tsada, hanyar da bas ke bi, yaran da suka kai aji uku ba su iya karatu ba, da yadda za a kashe dala miliyan 507 da mutanen gari suka amince a watan Nuwamban 2024 a ciyo don gyaran gine-ginen makarantu. Wata uwa ta rubuto tambaya a kan makarantar unguwarsu ita kaɗai, aka karanta, kowane ɗan takara ya amsa cikin minti ɗaya.

Sai maganar katin shaida, wadda ita ce ta fi cin lokacinsu. A 2011 gwamna Scott Walker ya sa hannu a kan dokar da ta ce ba mai zaɓe sai ya nuna katin shaida mai hoto. Reshen ƙungiyar na jiha ya kai ƙara, wani alƙali a nan Madison ya dakatar da dokar a 2012, kotun ƙolin jiha ta dawo da ita a 2014, daga 2016 kuma ta kankama. Mu da muka saba da katin zaɓe za mu ce to mene ne a ciki? Abin da ke ciki shi ne a nan ba wani katin zaɓe guda da ake ba kowa. Yawancin mutane lasisin tuƙi suke nunawa. Wanda ba ya tuƙi, tsoho ne ko talaka ko naƙasasshe, sai ya je ofishin lasisin mota a ba shi kati, kyauta ne, amma ana neman takardar haihuwa da shaidar inda yake zaune, ga ofishin ba a kowace unguwa yake ba. Matan da suka canza suna bayan aure sukan ƙara da neman takardar aure, wata auren ya shekara hamsin, an yi shi a wata jiha. Hatta katin ɗalibai na jami'armu ba ya aiki a rumfar zaɓe, sai jami'a ta buga wa ɗalibi wani na daban wanda ya cika sharuɗɗan dokar.

Abin da matan nan suke yi a kan wannan ba shi da wani armashi. Su kafa tebur a laburare, ko inda ake raba wa mabuƙata abinci, ko a kasuwar manoma ta ranar Asabar da ke kewaye ginin majalisar jiha, su zauna. Wanda ya zo su duba masa ko sunansa na cikin rajista, su gaya masa takardun da zai nema. Maƙwabciyata ta shafe kusan mako uku a kan wata tsohuwa guda ɗaya da aka haifa a wata jihar kudu, tana buga waya, tana cike takardu, daga ƙarshe ta ɗauke ta a motarta ta kai ta ta dawo da ita. Ƙuri'a ɗaya. Ba ta kuma tambaye ta wa za ta zaɓa ba. Da na ce mata wannan wahala ta yi yawa a kan mutum ɗaya, sai ta tuna mini cewa a jihar nan mai mutum kusan miliyan shida, Trump ya ci 2016 da ratar ƙuri'a kamar dubu 23, Biden ya ci 2020 da kamar dubu 21, Trump ya sake ci a 2024 da kamar dubu 29. Ratar ba ta kai yawan ɗaliban jami'armu ba.

Ni dai nawa ido ne da ɗaukar kujeru. Ba 'yar ƙasa ba ce ni, zaɓe haramun ne a gare ni, ko shaidar wanda zai aika ƙuri'arsa ta gidan waya ba zan iya sa wa hannu ba, don doka ta ce sai ɗan ƙasa. Don haka Yaya ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai taɓa bizata.

Ranar 1 ga Afrilun 2025 ta zo musu da daɗi da ɗaci a haɗe. A ranar aka yi zaɓen kujera ɗaya ta kotun ƙolin jiha, wanda aka kashe wa sama da dala miliyan 100, ba a taɓa kashe irin wannan kuɗi a zaɓen alƙali a tarihin Amurka ba. Elon Musk da kansa ya zo Green Bay ya miƙa wa mutum biyu cakin dala miliyan ɗaya-ɗaya a kan dandamali. Da na gani na ce ashe taliya da sabulu ba mu kaɗai muka iya ba, nasu dai ya fi namu tsada. Duk da haka wanda ya mara wa baya, Brad Schimel, ya sha kaye a hannun Susan Crawford, alƙaliya daga nan gundumar Dane, wadda tana cikin lauyoyin da suka tsaya wa ƙungiyar a shari'ar 2011. Amma a takardar zaɓen ranar akwai tambaya ko a sa dokar katin shaida cikin kundin tsarin mulkin jiha, ƙungiyar ta ce a'a, mutane sama da kashi 60 cikin 100 suka ce e. Abin da suka shekara goma sha huɗu suna yaƙa ya zauna daram. Taron da ya biyo baya na je ina zaton zan tarar da zaman makoki. Minti biyar aka yi a kan maganar, aka wuce zuwa waye zai zauna a tebur ranar Asabar.

Kada ku ɗauka mala'iku ne. Ka shiga ɗakin ka duba, galibi fararen fata ne, tsofaffi, masu ilimi, masu fansho da mota da lokaci. Matar da ke aiki biyu tana renon yara uku ba ta cikinsu, su ma sun sani, yana kuma damunsu. Tarihin ma yana da tabo, don baƙaƙen mata a kudancin Amurka ba su samu zaɓe na haƙiƙa ba sai bayan dokar 1965, shekara 45 bayan wancan gyara da ake alfahari da shi. Sannan 'yan Rifablikan da yawa ba su yarda ƙungiyar ba ta da ɓangare ba, suna ganin 'yan Dimokurat ne suka yafa mayafi, wasu 'yan takararsu ma ba sa amsa gayyatarta. Ni da nake zaune ina sauraron hirarsu a bakin tebur ɗin shayi, ba zan ce zargin ba shi da tushe ba. Abin da zan iya shaida shi ne a bakin aiki ban taɓa ganin an fifita wani ba, minti ɗayan kowa ɗaya ne.

To Gwaggo, ga inda nake son zuwa. Na ji an sake ba ki shugabar mata ta mazaɓa, ana shirin 2027, Allah ya taya ki riƙo. Na san yadda abin yake: a aiko atamfa mai hoton ɗan takara, a ce ki cika mota biyu, a yi guɗa, a raba abin da aka raba, sai kuma bayan shekara huɗu. Ke kanki kin sha faɗa cewa ranar zaɓe layin mata ya fi na maza tsawo, amma in an ci ba mai ɗaukar wayarki. Ga majalisar dattawan da aka zaɓa a 2023, mata huɗu kacal cikin 109. Ba wai siyasa baƙuwa ce gare mu ba. Hajiya Gambo Sawaba 'yar garinmu Zariya ce, ta sha ɗauri da duka a NEPU tana neman wa matan Arewa ƙuri'ar da ba su samu ba sai 1976. Inna ta sha ba mu labarin layin da ta bi a 1979.

Ba cewa nake ku kwaikwayi Turawa ba, ba ku da fanshonsu, ba ku da lokacinsu. Abu ɗaya nake roƙo ki gwada. Kafin ki karɓi atamfar kowa, ki tara matan adashinku da na Islamiyya, ku fitar da tambaya uku kawai, ko ta rijiyar burtsatse ce, ko ungozoma a asibitin sha-ka-tafi, ko rufin ajin da iska ta yaye. Duk mai neman kansila ko ciyaman, na jam'iyyarki da wanda ba na jam'iyyarki ba, a yi masa su iri ɗaya a tsakar gidanki, ɗaya daga cikin 'yan matan gidan ta ɗauki muryarsa a waya, a ajiye. Wanda ya ƙi zuwa a gaya wa mata bai zo ba. Na san za a ce kin yi wa jam'iyya zagon ƙasa, mai yiwuwa ma a karɓe muƙamin, ke kika san nauyin wannan fiye da ni da ke nesa. Ki yi shawara da Kawu, ranar Juma'a in na kira sai mu ƙarasa.

Wanda zai taho cikin watan gobe don Allah a ba shi kuka da daddawa da yajin Inna, nawa ya ƙare tun bayan sallah. A gaida Baba da jiki, a shafa mini kan yara.

Wassalam,
taku a Madison.